Babi Na Uku: Zanen Bango da Fasahar Harshe a Matsayin Madubin Rayuwa Mai Wucewa a Ƙasar Daura

3.0 Gabatarwa

Duk mai nazarin tarihin Daura yakan fara ne da girgam, wato jerin sunayen sarakuna tun daga zamanin sarauniyoyi irin su Daurama, zuwa labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu. Girgam yana faɗin wanda ya yi sarauta da wanda ya gaje shi. Amma ba ya faɗin farin cikin ango ranar da aka kawo masa amarya, ko abin da jama'a suke ji ranar hawan Sallar Gani. Wannan babi zai duba hanyoyin da mutanen Daura suka bi wajen bayyana irin waɗannan abubuwa masu saurin wucewa, wato zanen da ba ya kwaikwayon wata halitta, da waƙar baka, da kuma ƙagaggen rubutu.

3.1 Zanen Bango

A Turai akan danganta farkon zanen da ba ya kwaikwayon halitta ga masu zane irin su Wassily Kandinsky, mutumin Rasha, wajen shekarar 1911. A ƙasar Hausa kuwa irin wannan zane ya girmi wannan lokaci. Misali, akwai shi a cikin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Dalilin haka shi ne Musulunci bai ƙarfafa zana abu mai rai ba, saboda haka magina da maɗinka suka karkata ga layuka da da'irori da sarƙaƙƙiya, kamar dagi a bango da aska takwas a riga.

A Daura, kamar sauran biranen Hausa, magini yakan yi zanensa ne da hannu a kan yaɓe tun laka tana ɗanya, daga baya a shafa makuba domin kare bangon daga ruwa. Ke nan lokacinsa ƙayyadadde ne, domin da zarar laka ta bushe aiki ya tsaya. Galibi akan ƙawata zaure ne idan wani abin murna ya samu, kamar aure ko naɗin sarauta ko buɗin kasuwa. Zanen ba ya ba da labarin abin da ya faru, sai dai mai wucewa ya gane cewa alheri ya sauka a gidan. Bayan damina biyu ko uku ruwa yakan cinye shi, a sake yaɓe, a sake zane.

Wannan yana da muhimmanci ga tarihi. Wajen 1805 masu jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka karɓi Daura, tsohon gidan sarauta ya watsu zuwa wurare irin su Zango da Ɓaure, har 1906 lokacin da Turawa suka maido da Malam Musa. M. G. Smith ya yi bayanin wannan zamani dalla-dalla a littafinsa na 1978. To amma yaɓen wancan ƙarni an sabunta shi sau da dama. Abin da ya iso yau shi ne salon zanen, wanda ɗa ya koya daga hannun uba.

3.2 Waƙar Baka

Abin da laka take ga magini shi ne taron jama'a ga mawaƙi. Babban misali a nan shi ne Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wanda ya shaƙu da Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar (1966-2007), ya kuma yi masa waƙa. An san Shata da ƙirƙirar waƙa nan take. Masu kalangu suna kiɗa, 'yan amshi suna riƙe da gindin waƙa, shi kuma yana saka abin da idonsa ya gani a wurin: wanda ya shigo, da wanda ya yi kyauta, da wanda ya noƙe. Saboda haka waƙa ɗaya takan fito da ɗiya dabam-dabam a wurare dabam-dabam.

Da rediyo da faifai da kaset suka zo, sai aka sami damar adana muryarsa. Sai dai abin da kaset ya riƙe shi ne zama ɗaya daga cikin zama masu yawa. Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kuma binne shi a Daura.

3.3 Ƙagaggen Rubutu

Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ce ta buɗe ƙofar ƙagaggun labarai cikin boko, inda aka sami littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Daga cikin 'yan Daura da suka shiga wannan fage daga baya akwai Sa'idu Ahmed Daura, marubucin Tauraruwar Hamada. Rubutu ya bambanta da hanyoyi biyu na baya, domin damina ba ta wanke shi, kuma ba ya bukatar taro. Amma shi ma yana da nasa rashi: yana riƙe kalma, ya bar murya da kiɗa da guɗar mata a waje.

3.4 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa zanen bango da waƙar baka sun rayu ne ta hanyar maimaitawa daga hannu zuwa hannu da baki zuwa baki. Tun daga shekarun 1970 siminti da kwano suka riƙa maye gurbin tubali da azara, kuma bangon siminti ba ya bukatar sabon yaɓe bayan damina. Duk inda yaɓe ya tsaya, koyon zane ma yakan tsaya. Saboda haka ya wajaba mai rubuta tarihin Daura ya haɗa girgam da hira da tsofaffin magina da makaɗa tun suna raye. In ba haka ba, za a san sunayen sarakuna da shekarunsu, amma a rasa sanin yadda talakawansu suka yi murna ko suka yi juyayi.