Ƙafar da Ta Kai Hausawa Sinnar

A ran 27 ga Yuli 1903 sojojin Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, cikin ƙasar Gombe. Waɗanda suka tsira ba dukansu ne suka koma gida ba. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake ce wa Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka nufi gabas, Fulani da Hausawa, maza da mata har da masu goyo. Suka ratsa ƙasa bayan ƙasa, sai da shekaru suka shuɗe kafin su sauka a bakin Kogin Nilu Shuɗi a Sudan. A can, kudu da Sinnar kaɗan, suka kafa garin da har wa yau yake amsa sunansa, wato Maiurno. Daga Sakkwato zuwa wurin ya fi kilomita 3,000. Mai jaki ya ɗora kayansa da tsohuwarsa, amma yawancin mutane ƙafa ce ta kai su.

Ba su ne suka buɗe wannan hanya ba. Tun kafin su, mahajjata daga ƙasar Hausa sukan bi ta Borno da Wadai da Darfur, su tsaya su yi noman damina ɗaya ko biyu don neman guzuri, sa'an nan su sake ɗaukar sanda. Da yawa ba su kai Makka ba, da yawa kuma sun kai amma ba su koma ba. Mutanen Sudan suka sa musu suna Fallata ko Takari.

A 1925 aka gama ginin madatsar ruwa ta Sinnar, aka saki ruwa cikin gonakin auduga na Jazira, ƙasar da take tsakanin Nilu Shuɗi da Farin Nilu. Aikin yana bukatar hannu ƙwarai, Hausawa kuwa suna cikin waɗanda suka ba da shi. Su ne a shuka, su ne a cirar ciyawa da yashe hanyoyin ruwa, su ne kuma a tsinkar auduga, mutum yana sunkuye tun asuba. Mace ta ɗebo ruwa, ta yi faskare, ta yi surfe da daka, kafin tuwo ya sauka ta riga ta jiƙe da gumi. Kada mai karatu ya ɗauka zaman daɗi ne. Ruwan da ya rayar da auduga shi ne ya yaɗa tsargiya da zazzaɓin cizon sauro, ladan aiki kuma ƙanƙane ne, gama yawancinsu ƙwadago suke yi a gonar wani. Duk da haka wannan rayuwa ta ba jikinsu wani abu guda wanda su kansu ba su san darajarsa ba, likitocin zamanin ma ba su gama ganewa ba tukuna.

Sai a 1953 wani likita a Landan mai suna Jeremy Morris ya fito da shi fili. Ya bincika lafiyar ma'aikatan bas mai hawa biyu, ya tarar kwandastoci, waɗanda suke wuni suna hawa da sauka a matakala, ba su kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da suke wuni a zaune. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin dai motsi ne. Daga baya aka fahimci dalili. Sa'ad da tsoka take aiki takan zuƙe sukari daga cikin jini ta ƙone shi, zuciya takan ƙara ƙarfi, jijiyoyin jini su saki, hawan jini ya sauka. Ƙashi ma yakan yi ƙwari idan ana ɗora masa nauyi. Abin da kwandastan Landan ya samu a matakala, matar Maiurno ta daɗe da samunsa a bakin turmi.

Zamani ya juya a hankali. Jirgin sama ya kashe hajjin ƙafa. Injin niƙa ya ɗauke wa mata rabin daka, babu kuma macen da ta yi kukan rabuwa da shi. Jikokin masu tsinkar auduga suka buɗe kanti a Wad Madani da Khartum, waɗansu suka zama direbobi da teloli, kasuwar da dā ake takawa yanzu sai a hau raksha, keken nan mai ƙafa uku. Shayi mai sukari da yawa ya zauna daram, safe da rana da dare. Ciwon sukari da hawan jini suka shiga sahun manyan cututtukan biranen Sudan, Hausawan da suke zaune a can kuwa jikinsu irin na kowa ne. Manomi yana da sauƙi, saurayi mai buga ƙwallo haka. Wanda abin ya fi kamawa shi ne ɗan kasuwa da yake wuni a kan benci, da matar da ba ta fita daga tsakar gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce baligi ya motsa jikinsa na minti 150 zuwa 300 a mako, motsin da zai ɗan sa numfashi ya ɗaga. Mafi ƙanƙanta ke nan tafiyar sauri ta rabin sa'a, kwana biyar cikin bakwai. Da an gaya wa mabiyan Mai Wurno wannan awo, da sun ce ai ko zango ɗaya bai kai ba.

A Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗi a Disamba na shekarar, Sinja, babban birnin jihar Sinnar, ta faɗi a Yuni 2024, kafin sojoji su ƙwato su daga baya. Dubban mutane suka bar gidajensu, da yawa a ƙafa, da ƙunshi a ka. Cikinsu akwai tsofaffi masu ciwon sukari da hawan jini, waɗanda suka bar asibitinsu a baya, maganin da yake hannunsu kuma na 'yan kwanaki ne.