Goro da Ƙwaƙwalwar Fatake

Tun kafin Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa Jalingo a 1893, fataken Hausa sun daɗe suna safarar goro daga Gwanja, inda madugu yake jan ayari watanni a kan hanya, jakuna ɗauke da huhu, ana kwance shi lokaci-lokaci a tsince wanda ya ruɓe, a yayyafa wa saura ruwa. Malamai kuwa, waɗanda suke raya dare da muɗala'a, sun san fa'idarsa sarai, domin ɓari guda yana korar gyangyaɗi har asuba, ko da yake dalilin hakan ya ɓuya gare su.

Sai a 1957 wani masani mutumin Suwidin, Arvid Carlsson, ya fara bayyana matsayin dofamin, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke isar wa juna saƙon motsi da himma da shi. Daga baya bincike ya tabbatar cewa kafeyin da ke cikin goro yana toshe mazaunin adenosin, wani sinadari wanda aikinsa sanyaya wannan saƙo, shi ya sa kasala take gushewa, kuma wanda ya saba, in ya rasa, kansa yakan yi ciwo.