Kaburburan Maijirgi da ma'anar laifi

Ɗalibin da ya shiga sashen ilimin zamantakewa a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ba ya daɗewa bai gamu da Émile Durkheim ba. Tun 1893 wannan masani na Faransa ya nuna cewa laifi shi ne abin da ya sosa zuciyar al'umma, hukunci kuwa martaninta ne. To, idan al'umma biyu suka haɗu, ɗaya da bindiga, ɗaya da hauya, zuciyar wa ake ji? Amsar tana kwance a ƙasar Tasawa.

A 1899 rundunar Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta nufo gabas, ta ƙone garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. Da labari ya isa Faris, aka turo Kanal Klobb ya bi sawunsu. Ranar 14 ga Yuli, a Ɗankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu baƙar fata suka tayar, suka kashe su biyun. Kaburburansu na nan a Maijirgi.

A 1902 aka rufe bincike, aka ɗora abin kan haukar zafin rana. Ba wanda ya gurfana gaban alƙali saboda jinin talakawa. Joalland da Meynier, waɗanda suka ci gaba da jan rundunar har Tafkin Cadi, daga baya sun zama janar-janar.

Wannan mulki da ya kasa hukunta nasa shi ne ya kawo dokar indijena. A ƙarƙashinta kwamanda na iya jefa manomin Tasawa ko na Mayahi kaso, ko ya ci shi tara, ba shari'a ba shaida, don jinkirin biyan haraji ko ƙin aikin dole. Sai a 1946 aka soke ta.

Ke nan a idon mai mulki ƙone gari bai kai ga kotu ba, amma ƙin ɗaukar kaya ya kai ga kaso. Malamai, mu kai ɗalibanmu Maijirgi, su zauna gaban tsofaffi, su rubuta sunayen garuruwan da aka ƙone tun masu riƙe da labarin ba su kau ba.