Wutar Ingila, firijin Amurka

A 1896 aka fara kunna lantarki a Legas. Turawan Ingila suka kawo shi, daga baya ECN ta riƙe, NEPA ta gaje ta a 1972. Ma'auninsu muka gada har yau: kusan volt 230, da filogi mai ƙafa uku. Amurka kuwa 120 take ba gidajenta. Shi ya sa firijin tokumbo daga can, in ba a haɗa shi da na'urar rage wuta ba, nan take sai hayaƙi, mu kuma a Agege mu hau zagin 'yan NEPA.

Jaridu ma da nasu. Labarin gobara a Legas, amma hoton soket na Amurka ne, mai siraran tsaga biyu, an kwaso daga intanet. Mai karatu ya ɗauka irin na ɗakinsa ne.