Tsirkiya Ɗaya: Nazarin Tsarin Kiɗan Ɗan Maraya Jos

Gabatarwa

Nazarin waƙar baka a jami'o'inmu ya yi nisa wajen fiɗar jigo da salo da zubi, tun daga aikin Ɗandatti Abdulƙadir a kan Mamman Shata har zuwa littattafan Sa'idu Muhammad Gusau. Sai dai galibin ƙoƙarin ya tsaya ne a kan kalmomi, an bar kiɗan a baya. Wannan nazari ya ɗauki Ɗan Maraya Jos a matsayin mai tsara kiɗa, domin a nuna cewa rabin hikimarsa a yatsunsa take.

Rayuwarsa a Taƙaice

Sunansa na yanka Adamu. An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a 1946. Mahaifinsa Wayya makaɗi ne daga ƙasar Sakkwato da ya zauna a fadar Sarkin Hausawan Bukuru. Iyayensa sun rasu yana ƙarami ƙwarai, sarkin ya riƙe shi, daga nan laƙabin Ɗan Maraya ya bi shi. A wata tafiya zuwa Maiduguri ya haɗu da kuntigi, ya rungume shi har ƙarshen rayuwarsa. Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, kuma Allah Ya yi masa rasuwa a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.

Kuntigi da Tsarin Waƙa

Kuntigi ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, jikinsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fatar akuya. Ƙanƙantarsa ce ta tsara duk yadda Ɗan Maraya yake gina waƙa.

Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suna tafe da kotso da 'yan amshi. Jagora ya kawo ɗan waƙa, yaransa su karɓe su ƙarasa, sannan a koma gindi. Amshin nan shi ke ba jagora damar numfasawa da shirya abin da zai faɗa gaba, shi ne kuma ke tunatar da mai sauraro inda aka kwana. Ɗan Maraya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, don haka ya ɗora wa tsirkiyarsa aikin ƙungiya sukutum.

Ya yi haka ta hanyoyi biyu. Idan ya yi shiru, kuntigi yana maimaita wani gajeren kari mai sauri wanda ya keɓanta da wannan waƙar, ya tsaya a gurbin 'yan amshi. Da mai sauraro ya ji karin ya san waƙar da ke tafe tun kafin a furta kalma. Idan kuwa ya buɗe baki, sai tsirkiyar ta saki wancan kari ta bi muryarsa, ta hau inda ya hau, ta sauka inda ya sauka. Wannan yana da muhimmanci a harshe irin Hausa, inda hawa da saukar murya da tsawon wasali ke bambanta ma'ana. Kiɗan da ya saɓa wa karin maganar zai dagula ta, shi kuwa nasa ƙara fito da ita yake yi.

Rashin 'yan amshi ya kuma buɗe masa wata ƙofa. Tun da ba dole ne ya riƙa komawa gindi a kai a kai ba, ya samu sararin jan labari. A waƙar Gulma Wuya yana sauya murya daga wannan mutum zuwa wancan, ya zama shi ne mai ba da labari kuma shi ne 'yan wasa, kuntigi na raba tsakanin magana da magana.

Su Wa Yake Yi Wa Waƙa?

Makaɗin fada yana da ubangida guda. Ɗan Maraya kuwa talakawa ya fi yi wa waƙa: ya fara shahara ne da waƙar Karen Mota, ya wasa yaron da ke rataye a bayan babbar mota yana sa waigi. Ya yi Jawabin Aure da Auren Dole a kan zaman iyali, ya yi Mai Akwai da Babu a kan tsakanin mai hali da talaka. Kuntigi ya dace da irin waɗannan mutane, domin ana iya shiga tasha da shi a hannu.

Hausarsa ma ta gari ce mai cakuɗuwar jama'a, ba ta da zurfin Sakkwatancin makaɗan fada. Shi ya sa a wuri irin Mugulbu da sauran ƙasar Mubi, inda Gude da Fali da Fulani ke haɗuwa a kasuwa da harshen Hausa, ba a buƙatar tafinta kafin a gane shi.

Darasi Daga Ƙasar Ayilan

Wajen adana irin wannan kiɗa, akwai darasi a wurin mutanen Ayilan, waɗanda suka taɓa fuskantar barazanar ɓacewar kiɗan makaɗansu na gargajiya. A 1792 aka tara tsofaffin makaɗan a birnin Belfast, aka sa wani matashi, Edward Bunting, ya rubuta karin kiɗansu da alamomin sauti. Ta irin wannan aiki ne karuruwan Turlough O'Carolan, makahon makaɗin da ya rasu a 1738, suka isa hannun masu tsara kiɗa na baya irin su Seán Ó Riada, suka gina sabon abu a kansu.

Kammalawa

Mun fi mutanen Ayilan sa'a, domin muna da muryar Ɗan Maraya a faifai da kaset da taskar gidajen rediyo. Amma faifai yana adana abin da aka yi ne, ba ya koyar da yadda aka yi shi, ga kuma masu kaɗa kuntigi suna ƙaranci tun da fiyano ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa. Ya kamata sassan Hausa su haɗa hannu da masana kiɗa, a rubuta karin kowace waƙa tasa kusa da kalmominta, a zauna da makaɗan da suka rage a ga yadda suke ɗaure tsirkiya da sarrafa yatsa. Sai an yi haka ɗalibi zai iya cewa ya nazarci Ɗan Maraya gaba ɗayansa.