Fili na Mai Gini, Zama na Jama'a: Cinikin da New York Ta Ƙulla

A 1915 aka kammala ginin Equitable a Manhattan ta birnin New York, dogon bene da ya miƙe daga bakin titi ya tare wa maƙwabta rana da iska. Kukan da aka yi kan irin wannan gini ne ya haifi dokar gine-gine ta 1916, wadda ta tilasta wa dogon gini ya riƙa tsukewa yayin da yake yin sama.

Sai a 1958 ginin Seagram ya zo da wani salo a titin Park Avenue. Mies van der Rohe, wanda ya zana shi, ya ja ginin baya, ya bar fili mai daɓen dutse da tafkuna biyu a gabansa. Da tsakar rana ma'aikata kan jeru a gefen ruwan suna cin abinci, kamar yadda mai wucewa kan huta a dakalin ƙofar gidan da ba nasa ba.

Abin ya burge hukuma, a 1961 ta mai da shi ciniki: a unguwannin da suka fi cunkoso, duk murabba'in ƙafa ɗaya da mai gini ya bar wa jama'a, za a bar shi ya ƙara goma a sama. Filin yana nan mallakarsa, shi ke kula da shi, amma ba zai hana mutane shiga ba.

Masu kuɗi suka yi rububin garaɓasar, sai dai da yawa fayau suka bar filayen, ba benci ba inuwa. Wani mai bincike, William Whyte, ya kafa kyamarori yana nazarin inda mutane ke tsayawa, ya nuna cewa inda aka tanadi wurin zama, nan ake zama. Gyaran dokar na 1975 ya wajabta kujeru da itatuwa.

Duk da haka, da wani mai bincike, Jerold Kayden, ya ƙidaya filayen a 2000, ya samu 503, kuma kashi 41 cikin ɗari ba su da wani amfanin kirki. Nan ne abin ke min ciwo: benayen da aka ƙara suna nan ana karɓar hayarsu, rabon jama'a kuwa sai an bi sawu.

A Satumban 2011 masu zanga-zangar Occupy Wall Street suka yada zango a dandalin Zuccotti, ɗaya daga cikin irin waɗannan filaye, domin yarjejeniyarsa ta ce a bar shi buɗe dare da rana, alhali lambunan hukuma ana rufe su da dare. Sai tsakiyar Nuwamba 'yan sanda suka tashe su, bayan masu filin sun kafa ƙa'idar hana tantuna da kwana.