Masu Hoton Yaƙin Yukren

A shekarar 1933, sa'ad da yunwar da manufofin Stalin suka haddasa take lashe rayukan miliyoyin mutane a Yukren, akwai wani injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, Alexander Wienerberger, da ke aiki a wata masana'anta a birnin Kharkiv. A ɓoye ya riƙa ɗaukar hoto da 'yar kyamararsa ta Leica: dogon layin masu jiran abinci, da gawarwaki yashe a bakin titi jama'a na ratsawa ta gefensu. Mahukuntan Mosko sun shafe fiye da shekara hamsin suna musun an yi wannan yunwa, kuma hotunan injiniyan suna daga cikin ƙalilan da masana suka tabbatar da sahihancinsu. Saboda haka mutanen Yukren sun daɗe da sanin ranar hoto idan aka zo gardama.

Waɗanda suka ɗauki hoton yaƙin da ake yi yanzu, da yawansu sun goge ne a zanga-zangar dandalin Maidan da faɗan Donbas na 2014. Mai ɗaukar hoto Maks Levin yana cikin waɗanda suka tsira da ƙyar daga ƙawanyar da aka yi wa sojojin Yukren a garin Ilovaisk a watan Agustan shekarar. Da dakarun Rasha suka kutso ranar 24 ga Fabrairu, 2022, bai yi wata-wata ba ya koma fagen daga. Ranar 13 ga Maris ya shiga wani daji a arewacin Kyiv neman ƙaramin jirginsa maras matuƙi da ya faɗi, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai 1 ga Afrilu da aka tsinci gawarsa. Binciken ƙungiyar kare 'yan jarida ta RSF ya nuna sojojin Rasha ne suka harbe shi. Yana da shekara 40, ya bar 'ya'ya huɗu.

A Mariupol aikin ya fi tsanani. Mstyslav Chernov ɗan Kharkiv ne, Evgeniy Maloletka kuwa ɗan Berdyansk, garin da ke bakin teku ɗaya da Mariupol, ba nisa. Su da Vasilisa Stepanenko, duka suna yi wa kamfanin dillancin labarai na AP aiki, sun isa birnin da asubahin ranar da aka fara yaƙin. Sauran 'yan jaridar ƙetare suka fice, su suka zauna kwana ashirin. Wuta ta ɗauke, ruwa ya yanke, layin waya ya mutu, sai wani lungu kusa da wani kanti da aka wawashe inda ake ɗan samun intanet. Can suke lallaɓawa su yayyanka bidiyo gunduwa-gunduwa su tura ta wayoyi daban-daban. Likitoci da kansu suke jan su zuwa ɗakin da ake ƙoƙarin ceto yara, suna cewa su ɗauka duniya ta gani.

Ranar 9 ga Maris jirgin sama ya jefa bam a asibitin haihuwa. Hoton da Maloletka ya ɗauka a harabar ya karaɗe duniya: maza riƙe da gadon ɗaukar majinyata suna ratsa ɓaraguzai da karyayyun itatuwa, a kansa mace mai tsohon ciki, fuskarta ta yi fari fat, hannunta dafe da marar da ta yi jina-jina, hayaƙi na tashi a bayansu. Jaririn bai zo da rai ba, uwar ma ta bi shi jim kaɗan. Kafin gari ya waye sau biyu, ofishin jakadancin Rasha a Landan ya ce shiri ne, wai kwalliya aka yi wa wata mata ta fito a matsayin wadda ta jikkata. Twitter ya goge saƙon. Wani ɗan sanda da ya taimaka wajen fitar da 'yan jaridar ya gaya musu dalilin gaggawar: in aka kama su, za a tsayar da su gaban kyamara su ƙaryata kansu. Ranar 15 ga Maris suka fita cikin ayarin fararen hula, suka wuce shingen sojan Rasha goma sha biyar da kayan aikinsu a ɓoye cikin mota. Hoton Maloletka ya zama gwarzon shekara na World Press Photo a 2023, tawagar ta sami kyautar Pulitzer, fim ɗin Chernov kan waɗannan kwanaki ashirin kuma ya ci Oscar a 2024.

Haka aka sake yi a garin Bucha farkon Afrilun 2022. Aka ɗauki hoton gawarwaki a titin Yablunska, Mosko ta ce bayan janyewar sojanta aka jera su, sai hotunan tauraron ɗan'adam na kamfanin Maxar suka nuna suna nan tun tsakiyar Maris, garin yana hannun Rasha.

Amma wanda ya tsaya a hotunan jini kaɗai bai ga rabin aikin ba, kuma a ganina ɗaya rabin ne mutanen ƙasar suka fi riƙewa. A Borodyanka, Yelyzaveta Servatynska ta hango wani dogon bene da bam ya tsaga biyu. Can sama, a bangon da ba shi da daɓe ba shi da rufi, kabad ɗin kicin yana nan maƙale, kwanuka a jere, a kansa wani zakaran tangaran ko ƙwarzane bai yi ba. Zakaran nan ya shiga zukata har aka ba shugaban Yukren Zelensky da firaministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, irinsa lokacin da suka zaga Kyiv a ƙafa ranar 9 ga Afrilu, kabad ɗin kuwa aka sauko da shi zuwa gidan tarihi. A Chernihiv, Stanislav Senyk ya ɗauki hoton ɗaliban da suka kammala sakandare, sanye da ƙyallen bikin yaye, tsaye a kangon gine-ginen garinsu. Kostiantyn da Vlada Liberov, mata da miji daga Odesa, hoton masoya da angwaye ne sana'arsu kafin yaƙi ya mai da su ramukan sojoji. Wasu kuma suka sauka tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Kharkiv, inda iyalai suka yi watanni suna kwana a taragu, inda daga baya, a 2023, aka buɗe wa yara azuzuwa.

Ba za a ce hukumomin Kyiv sun sakar wa masu hoto mara yadda suke so ba. Sai da izinin rundunar soja ake aiki, kuma a 2023 aka raba fagen daga shiyya uku, ja da rawaya da kore, a lokacin ja ba a shiga. 'Yan jarida sun koka, kuma kokensu yana kan hanya, domin hoton asarar da sojan Yukren ke yi bai kai na fararen hula yawa ba.

Yaƙin kansa ma ya sauya musu aiki. A Mayun 2023 roka ta kashe Arman Soldin na kamfanin AFP kusa da Chasiv Yar, sannan jirage marasa matuƙa suka cika sararin sama har kusantar bakin daga ya zama kasada ko ga wanda ya saba. Fim ɗin Chernov na biyu, wanda ya fito a 2025 kan yunƙurin ƙwato ƙauyen Andriivka, an haɗa babban ɓangarensa ne da abin da kyamarorin da ke maƙale a hulunan sojoji suka naɗa.